Gishirin Jinin Malam Isiyaku

Ranar Talata ce a watan Maris na shekarar 2006, rana ta take tsaka, ko ganye ba ya motsi. Bazara ta sauka da wuri a gonakin Kadawa, in ka dafa ƙarfen injin ban-ruwa sai ka janye hannu ba shiri.

Tun asuba Mudassiru yake cikin laka yana gyaran gona. Ya sha ruwa ya fi galan guda, bai sa komai a cikinsa ba. Yana hawowa bakin kanal sai sharaɓarsa ta ɗaure tamau. Ya zube a kan hanya, ya riƙe ƙafar yana surfa mata zagi.

"Malam, ƙafar ta ji. Ka ƙyale ta haka."

Ya ɗaga kai. Budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, da kular abinci a hannu.

"Ina ruwanki?"

"Babu. Hanya ka tare mini."

Ba ta wuce ba. Ta ajiye kular, ta ce ya miƙo gorar ruwansa. Ta kwance ƙullin sukarin kunun da za ta kai wa 'yan aikin mahaifinta ta zuba, ta ƙara ɗan gishiri, ta girgiza.

"Dubi rigarka," ta ce. "Ka ga farin nan da ya bushe a kafaɗa? Gishirin jikinka ne ya fita da gumi. Kai kuma sai ɗura ruwa zalla kake yi. Shanye."

Ya sha yana yamutsa fuska. Bayan ɗan lokaci jijiyar ta saki.

"Ke likita ce?"

"Makarantar koyon aikin lafiya nake a Kano. Kai kuma ko godiya ba a koya maka ba?"

Ta ɗauki kularta ta tafi. Ya bi ta da ido har ta shiga gonar Malam Isiyaku, ashe 'yarsa ce. Kafin magariba ya san sunanta Khaulat, kafin Juma'a ya samo lambar wayarta.

Duk garin an san Mudassiru da zuciya. A aji biyu na ƙaramar sakandare ya bar makaranta, ranar da wani malami ya zage shi ya rama. Tun daga nan yake noma, yana kuma jan a-kori-kurar yayansa lokacin tumatir. Ba wanda ya zaci akwai macen da za ta iya da shi. Khaulat kuwa ba lallaɓa shi take yi ba. In ya ɗaga murya sai ta kashe waya, ta bari ya huce ya kira da kansa.

Ita ta sa masa suna Gishirina, shi kuma yake ce mata Likitata. In jarrabawa ta matso, a wayarsa take bita.

"Gishirina, gobe akwai jarrabawa. Sodiyam a jini 135 zuwa 145. Fotasiyam 3.5 zuwa 5. Kalsiyam 2.1 zuwa 2.6. Ka haddace, zan tambaye ka. In na faɗi laifinka ne, kai ka hana ni karatu."

Ya mayar mata: "Likitata, na haddace. Ni kuma nawa ne a jininki?"

"Ka wuce ƙa'ida. Shi ya sa zuciyata take tsallake bugu."

Ya karanta wannan saƙon ya fi sau goma a bakin gona, yana murmushi shi kaɗai.

Ba shi kaɗai ne yake son ta ba. Akwai Mustapha mai kemis a bakin titi, wanda yake sa farar riga ana ce masa dokta yana amsawa. Khaulat ta gaya masa gaskiya tun farko, amma bai daina zuwa gidan ba, domin shi yake ba Malam Isiyaku maganin hawan jini.

Bayan shekara guda Mudassiru ya nemi a shiga maganar. Malam Isiyaku mutum ne mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba. Ya aika cewa manya su zo ranar Juma'a bayan la'asar, cikin watan Afrilu.

Kawu Sada, ƙanen mahaifin Mudassiru, shi ya jagoranci dattawa biyu, da goro da alewa. Suka yi sallama, suka zauna a zaure. Malam Isiyaku ya daɗe bai fito ba. Da ya fito yana dafa bango, hularsa a karkace. Bai amsa gaisuwa ba. Ya ƙura wa Kawu Sada ido.

"Sada? Kai ne ka toshe mini ruwa."

"Wane ruwa, Malam?"

"Kai ne! Alkamata ta ƙone saboda kai. Ɓarawon ruwa!"

Dattawan suka kalli juna. Rigimar da yake faɗa ta kusa shekara ashirin, an sasanta ta tuntuni, kuma ba ma da Sada aka yi ba.

"Malam, alheri ya kawo mu."

Malam Isiyaku ya sa ƙafa ya yi fatali da goron, ya watse har waje inda mutane suke zaune.

"Wallahi tallahi, muddin ina numfashi, 'yata ba za ta shiga gidan ɓarayin ruwa ba!"

Kawu Sada ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya fita. Da ya isa gida abu ɗaya ya gaya wa Mudassiru: "Shekarata sittin da biyu, yau ka sa an kira ni ɓarawo."

Mudassiru ya rubuta wa Khaulat:

"Khaulat, ubanki ya zagi kawuna a gaban jama'a, ya shure goro. Da ba kya so sai ki faɗa mini tun a bakin kanal. Kada ki sake kirana."

Amsa ta zo nan take daga Kano:

"Ban san me ya faru ba. Baba ko akuya bai taɓa zagi ba. Gobe da safe ina hanya. Kuma kada ka ƙara ce mini ubanki."

Bai amsa ba.

Da hantsi ranar Asabar ta sauka daga mota. Ta tarar da gida cike da mata. Mahaifinta yana kwance a tabarma, kakarta Iya ta tallafo kansa tana ɗura masa rubutu a babban kwano. Mustapha yana tsaye a bakin ƙofa yana bayani.

"Ni dai na faɗa, wannan ba na asibiti ba ne. Tun da mutanen nan suka fara zancen auren nan ya canza. Sammu ne."

Khaulat ta durƙusa. "Baba, sannu."

Ya dube ta. "Baraka, kin dawo?"

Baraka ƙanwarsa ce da ta rasu tun Khaulat tana goye. Khaulat ta kama hannunsa ta lalubi jijiya. Bugun yana tafiya, ya tsaya, ya sake kamawa.

"Iya, yaushe ya fara?"

"Ya kai mako yana kukan ciwon kai. Sai amai. Sai ƙafafu suna ɗaurewa. Shekaranjiya ya tsuguna alwala ya kasa tashi."

"Kuma ba wanda ya kira ni?"

"Karatu kike yi. Ga dokta a kusa."

Ta ɗaga matashin kansa ta ciro ledar magani. Ƙwayar sa fitsari ce ta masu hawan jini. Ta juya ga Mustapha.

"Nawa yake sha?"

"Da ɗaya ne. Da na ga ƙafarsa ta ɗan kumbura na ce biyu safe biyu yamma."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Na kuma hana shi gishiri gaba ɗaya, haka ake yi."

"A cikin zafin nan? Yana girbin alkama yana zubar da gumi? Ka taɓa tura shi a auna jininsa?"

"Ina auna hawan jininsa duk..."

"Ba shi na tambaye ka ba!" Muryarta ta cika gidan. "Ka wanke masa gishirin jiki da ƙwaya, ka hana shi mayarwa, yanzu ka tsaya kana ce wa mutane sammu? Kai ne sammun!"

Ta karɓe kwanon daga hannun Iya.

"Ke 'yar nan! Ayar Allah za ki hana shi sha?"

"Ba ayar na hana ba, Iya, ruwan na hana. Kwano nawa ya sha yau?"

"Wannan ne na biyar."

"Innalillahi. Duk kwanon da ya sha ƙara tsinka ɗan gishirin da ya rage yake yi. A wanke masa a cokali. Asibiti za mu tafi."

"Ba inda za a kai mini ɗa. Sammu a asibiti allura ɗaya ce ta kashe mutum."

Ba wanda ya motsa. A unguwar babu mai motar da zai ɗauki ɗan Iya ba da yardarta ba. Khaulat ta fita bayan gida ta kira Mudassiru sau shida bai ɗaga ba. Ta rubuta:

"Gishirin jinin Baba ne ya zube. Ciwo ne ya zagi Kawu, ba shi ba. In bai je asibiti yau ba zai iya mutuwa. Mustapha yana cewa ku kuka yi masa sammu, an fara yarda. Ba mai son musu da Iya. Ina neman mai mota wanda ba ya tsoron faɗa. In ba za ka zo don ni ba, ka zo don Allah."

Saƙon ya same shi a bakin gonarsa. Ranar ruwansu ce. Sau ɗaya a mako ake sako wa layinsu, kuma kwana shida ke nan da ya dasa shinkafa eka guda, ƙasar har ta fara tsagewa. Ruwan ya fara shigowa ke nan. A layin nan in ka bar ruwanka, na ƙasa da kai ya samu.

Ya karanta, ya yi tsaki, ya jefa wayar aljihu. Ya ɗauki fartanya, ya ajiye. Ya sake karantawa. Sai ya yi jifa da fartanyar cikin gona ya nufi mota da gudu.

Da laka har gwiwa ya shiga gidan. Mustapha ya tare ƙofa.

"Kai har kana da idon shigowa nan?"

"Matsa."

"Bayan abin da kuka..."

Da hannu ɗaya Mudassiru ya ture shi, ya faɗa kan randar Iya, ta fashe. Iya ta miƙe tana salati.

"Iya, ki tsine mini in mun dawo," ya ce. "Yanzu ki ɗauko mayafinki."

Ya sunkuya ya goya Malam Isiyaku. Iya ta tsaya tana huci, sannan ta ɗauko mayafin.

Sun wuce Kura kaɗan jikin tsohon ya sanƙare a bayan mota, ya fara jijjiga, haƙoransa suna haɗuwa har jini ya fito. Khaulat ta juya shi gefe tana buga rufin motar.

"Kada ka tsaya! Taka!"

Ya taka.

A asibiti a Kano aka ɗibi jini. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta dawo da takarda.

"Sodiyam ɗinsa 116. Fotasiyam 2.6."

"Ba 135 ne mafi ƙaranci ba?" in ji Mudassiru.

Ta dube shi daga laka har kai. "Haka ne. A ina ka sani?"

Khaulat ta sunkuyar da kai.

Likitar ta zaunar da Iya ta yi mata bayani. Ta ce in sodiyam, wato gishirin jini, ya sauka haka, ruwa yana shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura. Daga nan ciwon kai yake zuwa, da amai, da ruɗewa, mutum ya zagi wanda bai taɓa zagi ba, ya kira mai rai da sunan mamaci, a ƙarshe jijjiga. Ɗayan kuma, fotasiyam, shi ne ƙarfin nama da na zuciya, shi ya sa ƙafafu suka mutu, bugun yake tsallake. Rage gishiri ga mai hawan jini daidai ne, ta ce, amma ninka ƙwayar nan ba awo shi ne ɓarnar.

"To ai da sauƙi," in ji Iya. "A samo gishiri a dama masa."

"A'a, Hajiya. Da an yi haka da kin rasa shi. A hankali ake mayarwa, kaɗan kaɗan kowace rana, ana yi ana aunawa. In aka ɗaga da sauri ƙwaƙwalwar ce take lalacewa, kuma ba ta gyaruwa."

Mudassiru ya tsaya yana kallon ruwan da aka ɗaura yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, ransa yana tafasa.

"Mutum yana mutuwa kuna ba shi ɗigo? Ku buɗe abin nan!"

"Ko ka zauna ko ka fita," in ji likitar. "Nan ba kanal ba ne."

Ya zauna. Kwana biyar yana zaune. Shi yake juya tsohon, shi yake kai shi bayi. Shi da Khaulat ba sa magana sai ta magani, domin ita ma ba ta huce da kalmar da ya rubuta mata ba.

Rana ta biyar da safe Malam Isiyaku ya buɗe ido ya ce, "Khaulat, me kike yi nan ba kya makaranta?" Ta fashe da kuka. Takardar ranar ta nuna 133.

A baranda Mudassiru ya same ta.

"Likitata."

"Ba ni ba ce. Ai ni ce wadda ka ce wa ubanki."

"Na yi kuskure. Bakina ya fi kaina sauri."

"Kullum haka yake."

"Ki yafe mini."

Ta ce, "Shinkafarka fa?"

"Ki bar zancen shinkafa."

Aka sallame su, suka koma gida. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba.

Malam Isiyaku bai tuna komai na ranar Juma'ar ba. Aka ba shi labari.

"Na rantse?"

"Ka rantse, Malam."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

"To shi ke nan."

Liman ya zo da kansa ya gaya masa rantsuwar wanda hankalinsa ya gushe ba ta hau kansa ba, ko kaffara babu. Sai ran Malam ya ɓaci.

"Wato in tsaya a gaban gari in ce hauka na yi? Gobe in na ba da shaida a ce mahaukacin nan ne? Jikokina a ce musu akwai hauka a gidansu? Ba zan yi wa yarinya dole ba, ta kawo wanda take so. Amma gidan su Sada, na riga na faɗa."

Mustapha ya ji haka ya aiko da nasa manyan. Khaulat ta sa ragowar ƙwayar a leda ta ce a kai masa, amsarta ke nan.

Mako uku ana haka. Khaulat ta ƙi komawa makaranta, jarrabawa ta wuce ta. Ta rubuta wa Mudassiru:

"Gishirina, na yi masa bayani da Hausa, na nuna masa takarda, ya ce lambobi ne. Na gaji. Kada ka je wurinsa, na san bakinka."

Washegari da hantsi ya je. Ya sami Malam Isiyaku a gonarsa, zaune ƙarƙashin mangwaro. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya miƙe.

"Baba, zan yi magana, in ka ga dama ka mare ni."

"Ina ji."

"Bara ka zuba taki a masararka, wani ya bar maka ruwa a buɗe ya wanke shi. Ta yi ɗorawa, ta kwanta. Ka ce irin ne ba kyau?"

"Irin lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa kai za ka ce haukan gado ne? Takin jikinka aka wanke! Aka mayar, ka miƙe. Ina haukan yake?"

Mudassiru ya ci gaba.

"Kana tsoron a ce ka yi hauka na yini ɗaya. Kawuna fa? Shi an ce masa ɓarawo, kuma tunda ka ƙi cewa ciwo ne, ka bar shi a ɓarawo ke nan har ya mutu. Ba ya zuwa majalisa. Sallah a gida yake yi. Mu kuma har yau ana nuna mu ana cewa masu sammu. Ka kare sunanka da namu, Baba. Wannan ba cika magana ba ne, zalunci ne!"

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Khaulat ta rasa jarrabawa saboda kai. Ni ban yi karatu ba, na san zafin abin. In ba za ka ba ni ita ba, riƙe abarka. Amma ka je ka wanke Kawu."

Ya juya baya don kada a ga idonsa.

Tsohon ya murza carbinsa.

"Yaron nan ba ka da kunya."

"An sha gaya mini."

"Sada da gaske ba ya fita masallaci?"

"Tun ranar."

Malam Isiyaku ya dafa itacen ya miƙe. "Kawo mini sandata."

Ranar Juma'a bayan an sallame, ya tashi a gaban jama'a, bakinsa da giɓin haƙoran da ya rasa a mota. Ya ce ranar da ya zagi Sada ba ya cikin hankalinsa, ciwo ne, kuma ba wanda ya yi masa sammu. Ya ce Sada bai taɓa satar masa ko ɗigon ruwa ba. Daga nan ya taka har gidan Kawu Sada, mutane na biye da shi, ya nemi gafara, ya ce ya ba Mudassiru Khaulat.

Kawu Sada ya saurara har ƙarshe.

"Na yafe saboda yaran nan," ya ce. "Zan karɓi auren. Amma a masallaci, ba a zaurenka ba."

Bayan girbin damina aka ɗaura aure, ranar Asabar, a ƙofar masallacin Juma'a. Iya da kanta ta riƙe hannun amarya ta kai ta, ta ce wa Mudassiru tsinuwar da ya nema ta fasa, Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a masu sanyin zuciya, ba irin ta ubansu ba. Aka yi dariya, aka shafa.

Da mutane suka ragu, Khaulat ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Na ce kada ka je."

"Kin faɗa."

"Da ya mare ka fa?"

"Da na juya masa ɗaya kuncin, in ci gaba da magana."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa a ce gara da aka yi.

Abin da aka rasa kuwa ga shi: shinkafa eka ɗaya da ta ƙone a tsaye, haƙoran Malam Isiyaku guda biyu, shekarar karatu ɗaya ta Khaulat, randar Iya guda ɗaya, da sallamar Kawu Sada a zauren surukansa, wadda har yau ba a sake ji ba.